Idan Kebek ta ɓalle daga Kanada, ina makomar ƴan asalin ƙasar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji cewa masu magana da Faransanci a lardin Kebek sun taɓa neman ɓallewa daga Kanada. To, ƙabilun da Turawa suka tarar a wurin fa, da su aka yi shawarar? Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba da su aka yi ba, kuma a nan ne hujjar ƴan awaren ta fi rauni.

Sau biyu Kebek ta yi ƙuri'ar raba gardama kan neman ƴancin kanta. A 1980, zamanin firimiyan lardin René Lévesque, kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a. A ranar 30 ga Oktoba 1995, ƙarƙashin firimiya Jacques Parizeau, ƙiris ya rage: masu a'a sun samu kashi 50.58, masu e 49.42. Hujjar ƴan awaren ita ce su al'umma ce daban, da harshenta da tarihinta, don haka su ke da ikon yanke makomarsu.

Kwana shida kafin wannan ƙuri'a, ƙabilar Cree ta arewacin lardin ta yi tata, sama da kashi 96 suka ce ba za a fitar da su daga Kanada ba tare da yardarsu ba. Ƙabilar Inuit ma suka yi tasu, sakamakon kusan ɗaya. Shugaban Cree na lokacin, Matthew Coon Come, ya ɗauki hujjar ƴan awaren ya mayar musu: in harshe da tarihi ke ba da ikon ɓallewa, su Cree sun riga kowa. Gwamnatin Kebek ta dage cewa ba za a taɓa iyakokin lardin ba. A ganina wannan matsayi bai tsayu ba. Ba ka ce Kanada tana rabuwa, sannan ka ce Kebek ba ta rabuwa.

Akwai kuma batun ƙasar kanta. Arewacin Kebek ba gadon Faransawa ba ne. Majalisar tarayya ce ta ƙara wa lardin wannan yanki a 1898 da 1912, ba tare da an tambayi mazaunansa ba. Kuma tun kundin tsarin mulki na 1867, al'amuran ƴan asali da filayen da aka keɓe musu suna hannun Otawa ne, wato gwamnatin tarayya. Kada ka ɗauka ƙaunar Otawa ce ta sa Cree suka zaɓi zama. Tarayyar nan ce ta yi dokar 1876 da ta mai da su kamar yara a gaban hukuma, ita ce kuma, tare da coci-coci, ta kwashe yara kusan 150,000 zuwa makarantun kwana don a raba su da harshensu. Abin da suke karewa shi ne alkawuran da ke rubuce: yarjejeniyar James Bay ta 1975, wadda suka samu bayan sun kai ƙara kan madatsun ruwan kamfanin lantarki na lardin, Hydro-Québec, da sashe na 35 na kundin 1982 da ya amince da haƙƙoƙinsu. Tarayya na cikin masu sa hannu a ta 1975. In Kebek ta fita daga tarayya, wa za a riƙe?

Shekarar 1990 ta riga ta ɓata tsakanin Kebek da ƴan asali. Elijah Harper, ɗan majalisar Manitoba kuma ɗan Cree, ya hana yarjejeniyar Meech Lake wucewa, wadda za ta amince da Kebek a matsayin al'umma ta musamman amma ta manta da ƴan asali. A damina guda, rikicin garin Oka a Kebek tsakanin ƙabilar Mohawk da jami'an tsaro kan faɗaɗa filin wasan golf ya ɗauki kwana 78.

A 1998 Kotun Ƙolin Kanada ta ce Kebek ba ta da ikon ɓallewa ita kaɗai, sai da tattaunawa. Dokar da ta biyo baya a 2000 ta sa batun iyakoki da haƙƙin ƴan asali cikin abin da dole a tattauna. Ƴan awaren ma sun gane: a 2002 firimiya Bernard Landry, ɗan aware na gaske, ya sa hannu da shugaban Cree Ted Moses kan yarjejeniya ta shekara 50, wadda aka rubuta a matsayin ta al'umma da al'umma.