Likita ya ji sauti na uku a zuciyar Baba, dangi kuma sun ce a sa masa ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibar aikin jinya ce. Mahaifina ɗan shekara 63 ne, ya daɗe da hawan jini. Kwanan nan ƙafafunsa suka kumbura, ba ya iya barci sai a jingine da matashi uku. Likitan da ya duba shi ya ce ya ji S3, wato sauti na uku a bugun zuciya, ya rubuta hoton zuciya. Amma baffannina sun dage wai ƙarfi ne ya ƙare masa, a kira mai kemis ya sa masa ruwa leda biyu. Wallahi hankalina a tashe yake. Zuciyar tasa ta kusa tsayawa ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Kafin komai, kada a sa masa ruwan nan.

Sauti biyun farko kin san su, su ne waɗanda ake ji a bugun kowace zuciya. Na ukun yana biyo bayan na biyu da ɗan kaɗan, lokacin da jini ya kwararo cikin ɗakin hagu na ƙasa na zuciya ya tarar da shi a cike, a saki. Sauti ne mai zurfi, ba ya jiyuwa sosai sai an kwantar da mutum a gefen hagu, a ɗora ƙaramin bakin abin saurare a ƙasan nono ba tare da dannawa ba. Idan bugun ya yi sauri sai ki ji kamar sukuwar doki, sunan da likitocin Faransa suka sa masa ke nan tun ƙarni na 19. A jikin yaro, matashi ko mai tsohon ciki, sau da yawa ba komai ba ne. A mutumin da ya haura 40, ga kumburi ga haki, gazawar zuciya muke fara zargi. Na huɗun kuwa, S4, kafin na farko yake zuwa, alamar bangon zuciya ya yi tauri, galibi aikin hawan jini.

Gazawa ba tsayawa ba ce. Zuciyar tana aiki, kaya ne ya fi ƙarfinta. Hoton zuciyar da likitan ya rubuta, wato eko, zai nuna kason jinin da take turawa a kowane bugu: 50 cikin 100 zuwa sama daidai ne, 40 zuwa ƙasa rauni ne. Da magani ya rage ruwan, sautin kan ɓace.

To mu koma kan baffanni, don abin nan ya ishe ni. A wurin mutanenmu ƙarin ruwa ya zama kamar abinci. Da mutum ya ce jikinsa ba ƙarfi, sai a rataye leda a ƙusar bango. Alhali sauti na ukun nan zuciya ce take ce mana ruwa ya yi yawa. Randa ta cika tana ambaliya, sai a ce a ƙaro tulu? Ledar ruwan gishiri ta rabin lita tana ɗauke da gishiri giram 4.5. Leda biyu giram 9 ke nan, kai tsaye cikin jijiya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ta ce mai lafiya ma ya ci a yini. Ruwan da zuciya ta kasa turawa huhu yake komawa.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an kawo mini dattijo da tsakar dare yana gumi, yana fizgar numfashi, kumfa ja-ja a bakinsa, filastar allurar ruwa tana nan manne a bayan hannunsa. In na tambayi wa ya sa, sai a yi ta kallon juna. Mai kemis ya karɓi kuɗinsa ya rufe shago, ko ƙirjin bai saurara ba, ba ma shi da abin sauraren. Wani har ya haɗa da diclofenac don ciwon gwiwa, maganin da ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Haka ake yi wa masu jego ma, ga kumburi ga haki, a ce jego ne, a ƙara mata kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta alaƙar kunun kanwar masu jego da gazawar zuciya.

Mutumin da ba ya iya kwanciya ba ya jiran layin hoto. Ku mai da shi asibiti yau, a zaune, da duk magungunan da yake sha a leda. A cire kanwa, a rage gishiri da magi. Idan baffannin sun ce ke yarinya ce, ki ɗauki babbansu ku tafi tare, likita ya gaya masa da bakinsa.