Wai da gaske man fetur zai ƙare?

Malam, eh zai ƙare mana, ai ba rijiya bace da damina zata sake cikawa. Najeriya na da kusan ganga biliyan 37 a ƙasa, amma ni abinda yafi damuna shine yadda muka jingina komai a kansa, kasafin gwamnati, keke napep, har janareton mai aski. Da Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, nan take kuɗin mota da na masara suka bi ta. Ga rana tana dukanmu kyauta a Arewa, wallahi gara gwamnati ta sauƙaƙa kuɗin sola da batir, gidajen CNG kuma, wato iskar gas da mota ke amfani da ita maimakon fetur, a kawo su kusa da mutane.