Finafinan da kasuwa ta yi wa rashin adalci: amsoshin tambayoyinku

Wani mai karatu ya rubuto cewa yana biyan kuɗin wata a ɗaya daga cikin manhajojin kallon finafinai, amma kullum abu guda ake jera masa a shafin farko. Yana son sanin yadda zai gano finafinai masu inganci waɗanda ba a kambama ba, kuma yana tambaya ko faɗuwar fim a kasuwa ba alama ce ta rashin kyawunsa ba.

Malam, kuɗin da fim ya tara a makonninsa na farko ya fi nuna ƙarfin tallan da aka yi masa da kuma lokacin da aka sake shi, domin mutanen da suka sayi tikiti a wannan lokaci ba su kalli fim ɗin ba tukuna, tallansa kawai suka gani. The Shawshank Redemption, wanda Frank Darabont ya ba da umarni, ya fito a 1994 a daidai lokacin da Forrest Gump da Pulp Fiction suka mamaye gidajen sinima na Amurka, kuma a zagayensa na farko ya tara kimanin dala miliyan 16, alhali an kashe masa miliyan 25. An saka shi takarar Oscar a rukuni bakwai bai ci ko ɗaya ba. Sai da ya shiga shagunan hayar kaset da tashoshin talabijin sannan jama'a suka san da zamansa, har yau ake lissafa shi cikin waɗanda masu kallo suka fi ƙauna. A Indiya ma haka ta faru ga Kaagaz Ke Phool na Guru Dutt a 1959, wanda ya faɗi warwas har mai shi bai sake sa sunansa a matsayin darakta ba, ga shi yanzu masana suna saka shi a sahun gaba. Wani lokacin kuma siyasa ce ke shiga tsakani: Lion of the Desert na Moustapha Akkad, labarin Umar Mukhtar da Italiya ta rataye a Libiya a 1931, an hana nuna shi a Italiya shekara da shekaru, kuma ya yi asara a Turai da Amurka duk da farin jinin da ya samu a ƙasashen Musulmi.

Shafin farko na manhaja kuwa an tsara shi ne bisa abin da ka riga ka kalla da abin da jama'a ke rububi a kai, saboda haka ba zai fitar da kai daga inda kake ba sai ka nema da kanka. Idan fim ya burge ka, ka duba sunan daraktan maimakon na jarumin, ka bi ayyukansa na baya, sannan ka leƙa jerin waɗanda suka ci kyauta a bukukuwan finafinai irin na Cannes da FESPACO da ake yi a Wagadugu. Ta wannan hanyar za ka tarar da Yeelen na Souleymane Cissé ɗan Mali, wanda ya karɓi kyautar alƙalai a Cannes a 1987, da Timbuktu na Abderrahmane Sissako na 2014. Sai dai kada ka ɗauka duk fim ɗin da ya faɗi zalunta aka yi, da yawansu sun cancanci faɗuwar.

Wata uwa kuma ta nemi a ba ta sunan fim ɗaya da za ta saya ta kalla tare da 'ya'yanta ba tare da tana riƙe da rimot cikin fargaba ba.

Hajiya, ki nemi Children of Heaven na Majid Majidi, wanda aka yi a Iran a 1997. Yaro ne mai suna Ali ya kai takalmin ƙanwarsa Zahra gyara, ya ɓace masa a hanyar dawowa, kuma da yake sun san mahaifinsu ba shi da halin sayen wani, sai suka rufe maganar a tsakaninsu. Akwai wurin da suke zaune suna aikin gida a gaban iyayensu, suna tura wa juna littafi suna rubuta gardamarsu a ciki don kada a ji. Shawarar da suka yanke ita ce Zahra ta sa takalmin Ali zuwa makarantar safe, ta sheƙo da gudu ta miƙa masa a lungu, shi kuma ya zura ya ruga tasa makarantar yana makara. Daga baya aka sa gasar tsere wadda kyautar na uku takalmi ce, yaron ya shiga da niyyar zuwa na uku. Shi ne fim ɗin Iran na farko da ya shiga takarar Oscar ta finafinan ƙasashen waje. Da Farisanci aka yi shi, don haka ki tabbatar kwafin da za ki saya yana da fassara a ƙasan allo, ki kuma shirya karanta wa ƙananan. Idan fim ɗin zane (katun) suka fi so, The Iron Giant na Brad Bird na 1999 ya dace da waɗanda suka ɗan tasa, ko da yake ƙarshensa yana sa yara kuka.

Tambaya ta uku daga wani ɗalibi ce: tsakanin haya, saye, da biyan kuɗin wata, wanne ya fi ga mai neman irin waɗannan finafinai?

Ka fara da haya. A manyan shagunan intanet yawanci ana ba ka kwana 30 ka fara kallo, da awa 48 ka gama bayan ka fara, wanda ya ishe ka sanin ko fim ɗin na maimaitawa ne. Biyan kuɗin wata bai da tabbas a nan, domin manhajoji lasisin wani ƙayyadadden lokaci suke karɓa, kuma finafinan da ba su da 'yan kallo da yawa su ake fara cirewa idan wa'adin ya cika. Ko abin da ake kira saye a intanet ma izinin kallo ne ake sayar maka. Fim ɗin da ka tabbatar za ka koma masa, ka mallaki faifansa, amma ka duba lambar yankin da ke bayan kwalin, saboda an kasa DVD zuwa yankuna shida kuma ba kowace na'ura ke karanta na wani yanki ba. A tsofaffin finafinai kuma ka nemi kwafin da aka gyara, kamar Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty ɗan Senegal, wanda ya fito a 1973, gidauniyar da Martin Scorsese ya kafa ta sabunta hotonsa da sautinsa a 2008.