Yadda Wiliyam ya gaji sarautar Normandi

Ka tambaya yadda aka yi Wiliyam, yaron da aka haifa ba ta hanyar aure ba, ya gaji sarautar Normandi, a arewacin Faransa, alhali gidan cike yake da manyan 'yan uwa.

To ɗan'uwa, a wancan zamanin dokar gado ba ta riga ta zauna daram ba. Wanda mai sarauta ya nuna, manyan ƙasa suka yi masa rantsuwa, shi ke hawa. Haka Robat, mai sarautar Normandi a lokacin, ya yi kafin ya tafi ziyarar Ƙudus: ya tara manyan Normandi suka rantse wa ɗansa Wiliyam. A hanyar dawowa ya rasu a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a 1035, yaron bai wuce shekara takwas ba.

Amma rantsuwa ba ta hana zubar da jini ba, kuma nan ne labarin ke taɓa min zuciya. Ɗaya bayan ɗaya aka kashe masu riƙonsa. Osban ma, ɗaya daga cikinsu, a cikin ɗakin da yaron ke kwana aka yanka shi. Sai a 1047, da taimakon Sarki Henri na Faransa, Wiliyam ya murƙushe 'yan tawaye kusa da garin Kan na Normandi.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗauka cewa ɗan fari ne kullum magaji. Shi kansa Robat ya gaji wansa Ricad na uku ne a 1027, ɗan Ricad ɗin kuwa aka kai shi gidan masu ibadar Kirista. Ka kuma kula da sunayen, suna yawan maimaituwa a gidan.

In don aikin makaranta ne, ka nuna wa malamin tarihin Turai jerin shekarun kafin ka miƙa.