Kawu, ga amsar tambayarka a kan wiwi a Kanada

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Saƙonka ya iso, na saurare shi har sau biyu, don daga muryarka na gane abin ya tsaya maka a rai, balle ga autanka na shirin zuwa karatu. Ka ce an gaya maka a nan wiwi a kanti ake sayar da ita, ka tambaya ina dokar duniya ta shiga, mu kuma yaya muke yi da 'ya'yanmu.

Ba sharri aka yi musu ba, haka abin yake. Tun ranar 17 ga Oktoba 2018 doka ta yarje wa baligi ya saya, ya fita da har giram 30 a aljihunsa, a yawancin larduna ma ya shuka tushe huɗu a gida. A nan Ontariyo sai ɗan shekara 19, a Kubek sai 21. Akwai shagonta a layinmu, wanda bai sani ba zai rantse kantin waya ne: fitilu tar, wuri tsaf, ana duba katin shaida kafin a sayar maka. Shekarar farko in na zo giftawa har sauri nake ƙarawa, kar wani namu ya hango ni a ƙofar ya kai labari. Yanzu warin ne kawai ke damuna, musamman a tashar bas lokacin zafi.

Dokar duniya kuwa tana nan daram, Kanada ce ta taka ta ido buɗe. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961, wadda Kanada da Najeriya duk suna ciki, ta taƙaita amfani da wiwi ga magani da binciken kimiyya. Ta 1988 ta ƙara ɗaure ƙasashe su mai da fataucinta laifi. Hukumar da ke sa ido a kan yarjejeniyoyin, mai zama a birnin Biyena, ta fito fili ta ce Kanada ta saɓa alkawari, kamar yadda ta faɗa wa Yurugwai wadda ta riga kowa a 2013. To, daga faɗa sai me? Ba ta da ɗan sanda, ba ta da gidan yari. Gwamnatin Justin Trudeau ta kafa hujja da cewa haramcin bai hana yara sha ba, kuɗin kuma miyagu ke kwashewa. Ko da hujjar ta karɓu, ni yadda aka bi ne bai kwanta min ba. Bolibiya, a kan ganyen koka da mutanenta ke taunawa tun kaka da kakanni, sai da ta fice daga yarjejeniyar sannan ta sake shiga a 2013 bisa sharaɗi. Ita Kanada ba ta fita ba, ba ta nemi sharaɗi ba, tana zaune a ciki tana yin abin da ta ga dama. Wato ƙaramar ƙasa ta bi ƙofa, babba ta haura katanga.

Wataƙila ka ji ana cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta halasta ta a 2020. Ba haka ba ne. A Disambar shekarar an kaɗa ƙuri'a, ƙasashe 27 suka rinjayi 25, aka cire ta daga rukunin da ake ganin kusan ba shi da amfanin magani. Najeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Har yau shan ta don jin daɗi bai halasta a yarjejeniyar ba.

Mu kuwa, Kawu, abin bai zo mana a baƙo ba. Giya ma ai mun tarar ana sayar da ita, ba mu taɓa ɗaukar izinin gwamnati a matsayin fatawa ba. Abin da ke sa maye haramun ne, magana ta ƙare. Inda aka samu canji shi ne sandar da uba ke riƙe da ita ta karye. Da sai ka ce wa yaro 'yan sanda za su kama shi. Yau in ka faɗa wa ɗan shekara 19 haka, dariya zai yi maka a ciki. Dole ka zaunar da shi ka kawo dalili, na addini da na likita, domin su kansu hukumomin lafiya na nan suna gargaɗin cewa ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma mai farawa da wuri yana yawaitawa ya fi kusa da taɓin hankali. Ba zan rufe ka ba, akwai yaranmu da suka faɗa. Da iyaye ɓoyewa suke yi saboda kunya, yanzu an fara kai magana wurin liman da likita tun kafin ta yi tsami.

Ƙanana kuma hatsarinsu alewa ce. Tun 2019 aka yarda a sa sinadarin wiwi a alewa da cakulan da abin sha. Kowane kwali yana ɗauke da jan tambari mai kusurwa takwas da hoton ganyen a ciki. 'Yata tun tana shekara shida ta san shi, in aka ba ta abu a waje sai ta juya ledar ta duba kafin ta buɗe.

Abin da muka fi ja wa sabon zuwa kunne a kai shi ne takardu, don nan ne halascin yake yaudarar mutane. Tun Disambar 2018 tuƙi cikin maye na iya kai mutum ɗaurin shekara 10, kuma wannan ya isa a tasa ƙeyar wanda bai zama ɗan ƙasa ba, ko da yana da katin zama na dindindin. Miƙa ta ga ƙaramin yaro hukuncinsa na iya kai shekara 14. Ɗan ƙasa da ɗalibi baƙo za su yi laifi iri ɗaya, ɗaya ya gama hukuncinsa ya koma gida, ɗaya a sa shi a jirgi. Tsallaka iyaka da ita, shiga ko fita, laifi ne ko da 'yar kaɗan ce, an ma manna sanarwa a filayen jirgi. 'Yan uwanmu masu jan tirela zuwa Amurka ko abokin tafiya mai sha ba sa ɗauka, domin dokar tarayya a can ba ta halasta shan ta don nishaɗi ba. Jami'in NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, kuwa ba ruwansa da rasidin shagon Toronto. Shi ya sa duk wanda ya ba ka saƙo ka kai gida, a gabansa ake kwancewa a duba, ko da aminin ka ne, kuma ba mai jin haushi.

Shi autan, ka turo min ranar saukarsa da lambar jirgin. Ni zan ɗauko shi, kuma a hanyarmu ta gida zan bi da shi ta gaban shagon nan, in nuna masa jan tambarin da kaina. A gaida su Inna da sauran mutanen gida.