Abin da ya sa na dafa maka gwiwa ranar biko

Ɗana, na ga saƙonka. Kana tambayar dalilin da ya sa na dafa maka gwiwa ranar da muka je bikon matar yayanka, da ka fara jero laifuffukanta, alhali a ganinka gaskiya tana wajenmu. Har ka ce ko ba ƙarya muka yi ba da muka ce mu ne da laifi.

Tuna yadda muka shiga zauren nan. Muka tuɓe takalma a waje, muka daɗe muna gaisawa, gajiya, iyali, damina, kafin na tura ƙullin goro gaban mahaifinta. Ka lura bai taɓa goron ba? Ba mantuwa ba ce. Jira yake ya ji da wane baki muka zo. Da na bar ka ka ci gaba, da shi ma ya kwance nasa ƙunshin, don mace ba ta yin yaji da goyo a baya haka kawai. Ka kawo hujja, ya kawo hujja, har a kira la'asar, mu tashi da goronmu, ita kuwa tana ɗakin uwarta.

Mai gardama so yake jama'a su ce shi ya yi nasara. Mu kuwa mace muka je ɗaukowa, kuma ba za ta fito ba sai uban ya sami hanyar cewa "ta koma" ba tare da an ga kamar an fi ƙarfinsa ba. Shi ya sa ba a tura miji da zafin zuciyarsa, manya ake turawa. Suratun Nisa'i, aya ta 35, cewa ta yi a tashi mai sasantawa daga danginsa, da wani daga danginta. Annabi Musa da Haruna ma, wurin Fir'auna aka aike su, aka ce su yi masa magana mai taushi. Ina ga dattijon da ya ba mu 'yarsa?

Batun ƙarya kuwa, ban yi ta ba. Amana aka ba gidanmu, muka yi sake har ta kai ga fita, wannan laifinmu ne ko da wa ya fara. Inda lallashi yake ɓaci shi ne a yi alkawarin da ba za a cika ba. Na taɓa ganin bikon da aka ce za a raba wa yarinya gida da uwar miji, ba a raba ba. Da ta sake fita, ko zauren ba a buɗe mana ba.

Ita gardamar ai na yi ta, ba ka nan ne. Daren da za mu tafi na zaunar da yayanka mu biyu, na faɗa masa abin da ba ya son ji a kan kuɗin cefane, ya musa, na ƙi saki.

Ka gaya masa ran Juma'a bayan masallaci zan biyo, ina son in ga turmin atamfar da na ambata a gaban mahaifinta.