Tambaya da Amsa: Tabbatar da daidaiton sin da cos

Tambaya: Malam, an ce mu tabbatar da cewa sin θ/(1 + cos θ) = (1 − cos θ)/sin θ. Na sa 60°, ɓangarorin biyu suka ba ni 0.577, amma malaminmu ya hana ni maki. Me ya sa? Daga wata ɗaliba 'yar aji biyar a Zariya.

Amsa: 'Yata, malaminki yana da gaskiya. Kusurwa ɗaya gwaji ce kawai, ita kuwa hujja dole ta tsaya wa kowace kusurwa.

Ki kama ɓangaren hagu kaɗai, ki ƙyale na dama. Ninka sama da ƙasa da (1 − cos θ). Ƙasa zai koma 1 − cos²θ. Nan ne dokar da komai ya rataya a kanta take shigowa: sin²θ + cos²θ = 1, don haka 1 − cos²θ daidai yake da sin²θ. Yanzu kina da sin θ(1 − cos θ)/sin²θ. Soke sin θ ɗaya sama da ƙasa, sai ga (1 − cos θ)/sin θ. Shi ke nan. Ki rubuta sharaɗi: kada sin θ ya zama sifili, wato ban da irin 0° da 180°.

Kar ki ninka a gicciye tun daga layin farko, domin kin ɗauki abin da ake nema a matsayin tabbatacce. Wani ramin da ke cinye ɗalibai da yawa a jarrabawar WAEC shi ne buɗe (sin θ + cos θ)²: sukan manta 2 sin θ cos θ, alhali amsar ita ce 1 + 2 sin θ cos θ.